Ɗakin da Muka Ce Sito Ne

A daminar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, yayana Tahir ya ce mu sayar da gidanmu na unguwar New Bell a Douala, ni kuma na yarda. Na faɗi wannan tun daga farko ne don kada wanda ya ji sauran labarin ya ɗauka ni 'yar kallo ce a cikinsa.

Gidan na mahaifinmu ne, mu biyu ya bar wa. Ɗaki huɗu na bulo a gaba, tsakar gida da rijiya, sai can ƙurya, jikin katangar da ta ba babbar kwatar unguwa baya, wani ɗan ɗakin katako irin wanda muke kira karabot. A da gawayi ake zubawa a ciki. Lokacin da aka fara zaftare wa ma'aikatan gwamnati albashi, Tahir ya zuba 'yan haya a ɗakin Goggo Delu, ita kuma aka kwashe mata kaya zuwa karabot ɗin. Goggo Delu ƙanwar mahaifinmu ce. Ita ta goya mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ba ta haihu ba, kuma sunanta ba ya cikin takardar gidan.

"Wata uku kawai, Goggo," in ji Tahir ranar da aka kai ta. "Kafin abubuwa su daidaita."

Damina ta biyu ke nan tana ciki.

Wanda ya zauna a Douala ya san ruwanta. Sai a kwana uku ana yi ba a ga rana ba. In kwata ta cika, ruwan ba ya tsayawa a waje, ta ƙasa yake ɓullowa cikin ɗakin Goggo, baƙi mai wari, ga kuma na sama yana ɗiga ta ramukan kwano. Ta ɗora katifarta a kan bulo shida da wani tsohon ƙyaure. Ta jera kwanuka uku da bokiti inda ɗigon ya fi yawa. Zannuwanta ba sa bushewa, dardumar sallarta ta yi baƙin tabo. Tun watan Yuni ta fara tari.

Da safe takan zauna bakin ƙofa ta jira Tahir ya fito zai tafi biro, wato ofis, a Bonanjo.

"Tahiru, kwanon nan na bisa kaina ya ƙara buɗewa."

"Na gani, Goggo. C'est la crise, matsin tattalin arziki ne. Kwano ɗaya yanzu kuɗin biyu ne. Bari ruwa ya ɗauke tukuna."

"To, Allah ya kai mu."

Matarsa Zaituna ita ma tana da nata bayanin in maƙwabta suka tambaya. Wai Goggo ce ta fi son can, saboda ya fi kusa da bayi, kuma hayaniyar yara ba ta isa wurin. Ni kuwa, Bara'atu, ina da ɗaki na bulo ni kaɗai, da gado, da fili isasshe a ƙasa da zai ɗauki katifa biyu. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, ina buga tafireta a wani biro a Akwa, ana ta korar ma'aikata, in tari ya hana ni barci na yi kuskure a takarda, ni ce ta gaba. Nakan kai mata shayi da safe in ji kamar na sauke nauyi.

Mai sayen gidan Alhaji Mahmudu ne, dillalin albasa a kasuwar Marché Central, mutumin da kowa ya sani a masallacin unguwa. Tahir ya kira ni da Zaituna falo, ya rufe ƙofa.

"Goggo ba za ta ji maganar nan ba sai an sa hannu. Hankalinta zai tashi a banza. Kuma Alhaji bai kamata ya gan ta ba. Mai sayen gida in ya ga tsohuwa a ƙurya, sai ya ce akwai rigimar gado, ya janye."

"To ina za ta bayan an sayar?" na tambaya.

"On verra. Za a san yadda za a yi."

Ban sake tambaya ba. Ina da kaso a gidan, kuma na riga na fara tunanin abin da zan yi da shi.

Ranar Asabar ɗin da za su zo dubawa, na riƙe hannun Goggo na kai ta gidan wata maƙwabciya, na ce mata za a yi feshin maganin sauro. Tahir ya sa wa karabot kwaɗo, ya ba ni makullin na ɗaure a bakin zane.

Alhaji ya zo da magininsa, Malam Ɓoɓɓo, wani siririn Bafulatani mutumin Garwa, mai ƙarancin magana, da 'yar guduma a aljihun riga. Ban taɓa ganin an duba gida haka ba. Ya ƙwanƙwasa kowane bango yana kasa kunne. Ya hau rufi ya taka kowane kwano. Ya zuba bokitin ruwa a bayi ya tsaya ya ga inda ya bi. Ya jawo ruwan rijiya ya sansana. Duk abin da ya faɗa, ni nake rubutawa da Faransanci, domin takardar za ta je wurin notar, lauyan da ke tabbatar da cinikin gida.

Da muka isa ƙurya, Alhaji ya nuna karabot da sandar lemarsa.

"Wannan fa?"

"Sito ne, Alhaji," in ji Tahir. "Tarkace ne a ciki. Makullin ma ya ɓace."

Makullin yana taɓa cinyata.

Malam Ɓoɓɓo ya durƙusa, ya ciro ƙusa ya danna a katakon ƙasa da ɗan yatsa. Ta shige kamar cikin dafaffen rogo.

"Wannan yana shan ruwa ta sama da ta ƙasa," ya ce.

"Ni kuwa shi na fi so," in ji Alhaji. "Ina neman inda zan riƙa sauke albasa kusa da kasuwa. Sai na ga cikinsa."

Aka koma falo aka zauna. Alhaji ya ce ko dai a rage masa farashi ya yi gyaran da kansa, ko Tahir ya gyara kafin a sa hannu. Tahir ya zaɓi gyara, domin yana da masu aikin da za su yi masa da sauƙi. Sun daɗe suna ja. Alhaji ya ce kwanon gaba duka, Tahir ya ce rabi, aka tsaya a kan na falo da ɗaki biyu. Murfin rijiya Tahir ya ɗauka. Tsagar bangon zaure Alhaji ya yafe. Maganar sito aka bar ta sai Asabar ta uku, in an nemo makulli.

Ranar Litinin masu aiki suka iso da tsani da sababbin kwanuka suna ƙyalli. Da na dawo daga biro na tarar da Goggo a bakin ƙofarta, ta yafa mayafi biyu, tana kallonsu fuskarta a sake. Ta aika an sayo goro ta raba musu.

"Bara'atu, zo ki gani," ta ce. "Na san yaron nan bai manta da ni ba. Daga gaba suka faro, za su iso nan. Allah ya yi masa albarka, ya rufa masa asiri kamar yadda zai rufa mini."

Na ce amin.

Kwana biyar tana ƙirga kwanukan da suka rage a jingine. Ranar Juma'a aka buga na ƙarshe a kan ɗakin 'yan haya, wato ɗakinta na da. Masu aiki suka naɗe igiya suka saɓa tsani. Ta kira babbansu.

"Ɗana, nan fa?"

"Mama, nan ba ya cikin aikin da aka ba mu."

Da yamma ta tambayi Tahir, ya ce kwano ne ya ƙare, sai mako mai zuwa. Ta shiga ta gyara wa bokiti zama.

Abin da ya zo mako mai zuwa fenti ne. Tahir ya ce in Alhaji ya ga baƙin da ya cinye katakon ciki zai nemi a rushe ɗakin a sake, gara a rufe shi da fenti mai mai. Aka fito da Goggo tsakar gida da safe, aka shafe ɗakin da shuɗi. Kafin la'asar hadari ya haɗo, Zaituna ta ce ba inda za a sa ta, falo akwai baƙin Tahir, aka mayar da ita ciki fentin bai bushe ba. Ɗakin ba taga. Warin kaɗai in ka leƙa sai idonka ya yi ruwa.

Daga ranar tarin ya canza. Da busasshe ne, ya koma mai nauyi, daga can ƙasan ƙirji, in ya kama ta sai ta dafa gwiwa ta daɗe kafin numfashi ya dawo. Zazzaɓi ya riƙa zuwa mata da la'asar. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga. Ta koma sallah a zaune. Tuwon da ake kai mata yakan dawo an ɗan taɓa gefensa kawai. Zaituna ta ware mata kwano da kofi, ta hana yara zuwa ƙurya.

"Ba ƙyama ba ce," ta ce mini. "Yara ne, ba a san irin tarin ba."

Na ce wa Tahir a kai ta asibiti.

"Da me? Duk abin da ke hannuna ya tafi a kwano da siminti. A sa hannu tukuna, ni da kaina zan kai ta wurin babban likita. Kwana nawa ya rage?"

Na tsaya wurin mai tallar magani a bakin kasuwa na sayo mata na tari mai zaƙi. Ta karɓa da hannu biyu.

"Kina wahala da ni, 'yar nan."

"Ba komai, Goggo."

"In na ji sauƙi zan soya miki ƙosai irin wanda kike so, mai albasa da yawa."

Shirin Tahir shi ne, ranar Asabar da safe a ɗauke Goggo a kai ta ɗakina, a fitar da katifa da kwanukan tarar ruwa, a goge ƙasa, a buɗe wa Alhaji ɗaki shuɗi fes. Amma ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni da Tahir duk mun kasa fita aiki domin lungu ya cika, sai muka ji sallama a zaure. Alhaji ne da Malam Ɓoɓɓo, sun naɗe ƙafar wando har gwiwa.

"Ku yi haƙuri da zuwan ba zata," in ji Alhaji. "Malam ne ya ce yana so ya ga sabon rufin ana cikin ruwa, wai a nan ake gane aiki."

Tahir ya yi dariya ya ce ai gidansu ne. Yana ba su hanya ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Ferme la porte. Vite. Je ki rufe ta, maza."

Na bi ta jikin bango na isa ƙurya. Goggo tana kwance, ruwa ya kai rabin bulon da ke ƙarƙashin katifarta.

"Goggo, baƙi ne maza. Zan ja miki ƙofa na ɗan lokaci."

Ta ɗaga kai ta dube ni. "To."

Na ja ƙofar. Na saƙala kwaɗon. Na danna shi har ya yi ƙara. Ba wanda ya riƙe mini hannu.

Malam Ɓoɓɓo ya zagaya ɗakunan gaba yana kallon sama, ya sami wuri ɗaya a falo inda ƙusa ta goce, na rubuta. Daga nan Alhaji ya buɗe lema ya nufi ƙurya ba tare da an ce masa bismilla ba. Muka bi shi. Muka tsaya mu huɗu a ƙarƙashin 'yar rumfar bayi, taku biyu daga ƙofar Goggo.

"An samo makullin?"

"Yana wurin wani, Alhaji. Asabar in sha Allahu, kamar yadda muka yi."

Malam Ɓoɓɓo ya nuna ƙasan ƙofar, inda baƙin ruwa ke shiga yana fita. Ya sansana iska.

"An yi fenti a ciki," ya ce. "Fenti ba ya tsare ruwa."

Alhaji ya girgiza kai. "Malam Tahir, mu yi maganar gaskiya. Albasa ba ta son laima. In na sauke buhu a nan, kwana uku ta ruɓe. Ko akuya ba zan ɗaure a ɗakin nan ba. Sai an ɗaga ƙasa, an zuba siminti, an canza katakon ƙasa da bulo, an sa sabon kwano, an huda taga."

"Haba Alhaji, ai wannan sabon gini ne. Kwano zan iya. Daɓe kuma mu raba."

"Ba na raba daɓe. Dukiya zan zuba a ciki."

"To a bar taga."

"In ba iska, ta tsiro."

Suna wannan ja-in-ja, ni ina riƙe da takarda da alƙalami, sai tarin ya fito. Da farko a toshe, kamar an danna zane a baki. Sannan ya ƙwace. Ya yi ta zuwa, ɗaya bayan ɗaya, har da wannan shaƙar da ke biyo baya. Ruwa na dukan kwano amma bai rufe shi ba.

Ba wanda ya motsa.

"Wane ne a ciki?" in ji Alhaji.

Malam Ɓoɓɓo bai dubi Tahir ba. Hannuna na hagu ya duba, wanda na dunƙule. Ya ci gaba da dubansa har na buɗe shi, makullin ya bayyana.

Da ƙofar ta buɗe, warin fenti da na kwata suka fito tare. Goggo ta yunƙura ta zauna, ta jawo mayafi ta rufe kanta. Kwanuka uku sun cika suna zuba. Silifanta ɗaya yana yawo a kan ruwa.

Alhaji ya rufe lemarsa, ya durƙusa a bakin ƙofa ruwa na zuba a bayansa.

"Sannu, Inna. Ina wuni."

"Lafiya lau, Alhaji. Sannunku da ruwa." Ta nisa. "Kada ka ga laifin yaran. Ni na ce ta rufe, iska ke damuna."

Da ta zage mu a gabansa, da na fi samun sauƙi.

"Kai ne mai sayen?" ta tambaya.

Alhaji ya dubi Tahir, ya dubi ƙasa. "Ni ne, Inna."

"Na ji. Albasa za ka zuba." Ta juya ga Malam Ɓoɓɓo. "Kai ne magini? To matso in nuna maka, kada a yi aikin banza. Ruwan ƙasa ba ta ƙofa yake fara shigowa ba. Ta waccan kusurwar ne, akwai rami a gindin katanga, ɓeraye suka yi shi. In ba a toshe shi ta waje ba, ko an yi daɓe zai ɓullo. Kwano kuma ba uku ne suka huje ba, biyar ne, biyun sai iska ta kaɗo daga gabas suke zuba. Waccan azara ta tsakiya gara ta cinye ta, kada wani ya taka. Bangon nan na bayan kaina kuwa, da rana ma jiƙe yake."

Tana yi tana tsayawa ta yi tari. Malam Ɓoɓɓo ya cire takalmi ya shiga cikin ruwan, ya bi duk inda ta nuna, ya taɓa, ya gyaɗa kai.

"Haka ne, Inna. Duk haka ne."

"Bara'atu, rubuta mana," in ji Goggo. "Ke ce mai rubutu."

Na rubuta. Ruwa ya jiƙa takardar, amma na rubuta duka, da Faransanci mai kyau, layi bayan layi.

Alhaji ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Motata tana bakin titi. A kai ta asibiti yanzu."

"Alhaji, dama ina shirin…" in ji Tahir.

"Yanzu, Malam Tahir."

Mota ba ta shiga lungunmu ko da rani. Goggo kuwa ba ta iya taka ƙasa. Tahir ya tsaya yana duban wandonsa na biro. Malam Ɓoɓɓo ne ya juya baya ya durƙusa ya ce, "Inna, hau, ni ɗanki ne." Ya goya ta, na riƙe musu lema, muka ratsa lungu ruwa har ƙauri. Mata suna leƙowa ta ƙofofi. Wata ta ce, "Ashe Goggo Delu ba lafiya?" Na ce e, ban ɗaga kai ba.

A asibiti likita ya daɗe da abin sauraro a bayanta. Ya fito da ni waje ya tambaye ni da Faransanci tun yaushe take haka, na ce kwana kaɗan. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce huhun duka biyu sun kamu, kuma wannan ba aikin kwana kaɗan ba ne. Ya ce a ina take kwana? Na ce a gida.

Da na koma New Bell da yamma ɗaukar mata kaya, na tarar da Tahir a falo shi da Zaituna.

"Kin san tana tari," ya ce. "Me ya hana ki ba ta maganin kafin ki rufe? Yanzu ga shi kin sa mutumin nan zai riƙa kallona wani iri a masallaci."

"Kuma ita ma Goggo," in ji Zaituna, "ai sai ta faɗa tun wuri cewa abin ya kai haka. Mutum ya yi shiru, ya za a yi a sani?"

Na kwashi kayan Goggo na koma asibiti.

Alhaji bai janye ba. Washegari ya aiko da takardar da na rubuta, ya ƙara da cewa a kan sharaɗin gyaran ɗakin yake, kuma ya rage wani abu a farashi saboda ɓoye masa da aka yi. Tahir, wanda ya yi awa biyu yana ja a kan murfin rijiya, bai yi musu ko ɗaya ba. Inda ya samo kuɗin ban sani ba, amma ranar Litinin yashi da bulo suka sauka a ƙofar gida. Malam Ɓoɓɓo da kansa ya tsaya a kan aikin. Aka toshe ramin ta waje. Aka ɗaga ƙasa taku ɗaya da rabi. Aka cire ruɓaɓɓen katako aka jera bulo. Aka canza azara, aka buga kwano tara, aka huda taga mai waya. Ruwa bai ɗauke ba, a cikinsa aka yi, da tamfol a sama. Kwana huɗu aikin ya ci.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya zo dubawa ta ƙarshe. Ana yayyafi mai ƙarfi. Ya shiga ɗakin ya tsaya a tsakiya, ya buɗe tafin hannu yana zagayawa a hankali. Ko ɗigo. Ya ce, "Yanzu ya yi." Ranar Litinin muka je wurin notar, Tahir ya sa hannu, ni ma na sa.

Goggo ta yi kwana ashirin a asibiti, ta rasu ranar wata Laraba da walaha. An yi zaman makoki a gidan, domin Alhaji ya ba mu wata guda mu kwashe. Mutanen unguwa suka cika tsakar gida. Suna ta cewa Allah ya saka mana, mun riƙe ta har ƙarshe, a wannan zamani da 'ya'yan cikin mutum ma suke gudunsa. Tahir yana amsawa da amin, ni ma ina amsawa a cikin mata. Alhaji Mahmudu da Malam Ɓoɓɓo sun zo, sun yi addu'a, sun tafi. Ba su gaya wa kowa abin da suka gani ba, har yau.

Tahir yana unguwar Makèpè yanzu, ni ina unguwar da ake kira Village. In maganar Goggo ta taso yakan ce zamanin ne, la crise ta kashe mutane da yawa. Gaskiya ne an sha wuya a shekarun nan. Na ga manyan ma'aikata suna tafiya biro a ƙasa, na ga gidajen da ake ɗora tukunya sau ɗaya. Amma ba crise ce ta zaɓi wanda zai kwana a bulo da wanda zai kwana a karabot ba. Ba ita ta sayo fenti ba, ba ita ta danna kwaɗo ba. Kwano tara da aikin kwana huɗu ba su fi ƙarfinmu ba ranar da mai saye ya nema. A unguwarmu kaɗai na san gida uku da ke da irin wannan ɗaki a ƙurya, da irin wannan tsohuwa a ciki, kuma kowane gida yana da bayaninsa mai kyau in an tambaya.

Magana ta ƙarshe da muka yi da ita, kwana biyu kafin rasuwarta ne. Na je da kunu a fulas. Ta sha cokali uku ta kawar da kai. Ta rame har zoben azurfarta na juyawa a yatsa. Na ɗauka barci take, sai ta kira sunana.

"Bara'atu."

"Na'am, Goggo."

"An yi aikin?"

"An yi."

"An toshe ramin nan?"

"An toshe, ta waje, yadda kika ce."

"Kwanon fa?"

"Sabo ne duka. Har taga an sa."

"Ba ya zuba?"

"Ba ya zuba, Goggo."

Ta ƙura wa silin asibitin ido. Na jira ta ce wani abu a kaina, ko a kan Tahir. Na so ta ce. Na matso da kujera don kada kalma ɗaya ta wuce ni.

"To," ta ce. "Ashe yana gyaruwa."

Ta juya fuskarta bango, ta ce in ja mata bargo.